Tsofaffin takardun saƙar Ingila da na saya: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma sai da na warware riga sau uku

Wata 8 ke nan da na sayi wani ƙunshin tsofaffin takardun saƙa, wato masu bayanin yadda ake saƙa kaya layi-layi, a intanet, kuma sai yanzu na ga na isa in tofa albarkacin bakina a kansu, don a makon jiya ne na kammala riga ta biyu. Guda 40 ne, duk na Ingila, daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa farkon na 1950. Ba ainihin takardun ake aiko wa mutum ba. Wata mai ɗan shago ce ta ɗauki hotonsu ta haɗa a fayil ɗaya, kina biya kina saukewa a waya. Kuɗin bai kai na turmin atamfa mai sauƙi ba, shi ya sa ban tsaya dogon tunani ba.

Ni ba sabon shiga ba ce a saƙa. Na haura shekara 10 ina yin kayan sanyin jarirai, hula da safa da riga da mayafin goyo, wani da kwarashi wani da kibiya biyu. Abin da ya ja ni shi ne hoton da aka yi tallar da shi: wata baturiya a hoto marar kala, sanye da riga mai matsattsen ƙugu da kafaɗa a tashe, gaban rigar duk adon ganye mai huji-huji. Na gaji da saƙa abu mai kusurwa huɗu kamar buhu. Na ce wannan nake so.

A ciki akwai takardun Patons da Sirdar da Bestway da Weldon's, manyan masu buga irin waɗannan takardu a wancan zamani. Fiye da rabi rigunan mata ne. Sauran kuwa falmaran ta maza, safar ƙafa, safar hannu, shimin jarirai, da hular soja mai rufe kai da wuya ta bar fuska kaɗai a waje, irin wadda 'yan acaɓa ke sawa da asuba in hunturu ya kankama.

Tun ranar farko na yi karo da abin da ya kamata mai shagon ta yi gargaɗi a kansa da layi ɗaya tak. Takardar ta ce a nemi kibiya mai lamba 10 da mai lamba 12. Na buɗe jakar kibiyoyina, na zaro wadda aka rubuta wa 10, na ɗora ido 129 kamar yadda aka ce (ido nake ce wa kowane zagayen zare da ke kan kibiya, haka aka koya min). Da na yi layi 20 na shimfiɗa a kan gado, abin ya fi kama da koma ta masunta. Faɗinsa zai ishi mutum biyu. Na warware, na sake, na matse hannu, duk a banza.

Gwaggona ce ta fitar da ni. Ta zo duba jikin Umma, ta tarar da ni a tsakar gida ina ta tsaki. Ta karɓi kibiyar ta juya ta, ta kalli hoton takardar a wayata, sai ta fashe da dariya.

"Ke 'yar nan, wannan ai taɓarya kika ɗauko. A lissafin Ingila, lamba tana hawa kibiya tana sirancewa."

Na ce, "To Gwaggo, ai 10 aka rubuta a jikinta."

"Goman wasu ce, ba tasu ba."

Ashe tawa lissafin Amurka ne a jikinta, inda 10 take nufin kaurin milimita 6. Tsohuwar 10 ta Ingila milimita 3.25 ce, 12 kuwa milimita 2.75. Gwaggo ta koyi saƙa a makarantar kwana ta 'yan mata tun tana yarinya, kuma da waɗannan lambobin aka koya musu. Washegari ta aiko min da wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki akwai kibiyoyin ƙarfe sirara, fentinsu ya goge a tsini, da wani ɗan faifan ƙarfe mai siffar ƙararrawa, an huda shi huji-huji, kowane huji da lambarsa. Ana zura kibiya a huji, inda ta shiga cif ita ce lambarta. Wannan ɗan ƙarfen ya fi duk wani bayani da ke cikin fayil ɗin amfani a gare ni.

Da kibiya ta daidaita sai na fahimci irin aikin da na ɗauko wa kaina. Ido 7 da rabi a kowane inci. In kin saba da zare mai kauri wanda riga ke tashi a mako guda, ki shirya zama. Layi ɗaya yana cin minti 5 zuwa 6 a hannuna, kuma sai an yi layi kusan 10 kafin tsawo ya ƙaru da inci ɗaya. Bayan rigar kaɗai ya ci min mako 3 na zaman bayan isha'i.

Da farko na ɗauka gayu ne kawai ya sa komai nasu siriri ne kuma gajere. Gayu na ciki, amma akwai yaƙin duniya na biyu ma. A ranar 1 ga Yunin 1941 gwamnatin Birtaniya ta fara ƙayyade sayen tufafi, ta ba kowane mutum tikiti 66 a shekara, daga baya ma ta rage, kuma ba a janye dokar ba sai a Maris na 1949. Rigar sanyi ta mata ɗinkakkiya tikiti 5 take ci, amma oza 2 ta ulu (oza ma'aunin nauyi ne) tikiti 1 ce. Rigar da na zaɓa oza 7 take buƙata, kin ga macen da ta saƙa da hannunta ta yi ragowa. Siririn zare yana ba da tsawo mai yawa a nauyi kaɗan, gajeren hannu da gajeren jiki suna rage cin zare, adon huji-huji ma haka. Hatta rigunan nan masu launi barkatai irin na tsibirin Fair Isle sun yi farin jini ne a lokacin saboda suna cinye guntayen zaren da aka warware daga tsofaffin kaya. Da na san haka sai na daina jin haushin takardun. Matan da aka rubuta dominsu lissafin zare suke yi kamar yadda muke lissafin mai a girki.

Babbar matsalar, wadda duk mai son saye ya kamata ta sani tun kafin ta biya, ita ce girma. Kusan kowace takarda girma ɗaya ta bayar, ƙirji inci 34, wasu 36. Shi ke nan. Ni 42 nake. Ba wanda zai yi miki lissafin, ke za ki zauna da biro da takarda. Ga yadda na yi: na saƙa ɗan ƙyallen gwaji, na wanke shi, na bar shi ya bushe, na auna, na samu ido 7 a inci da nawa zaren. Rabin ƙirjina inci 21 ne, 21 sau 7 ya ba ni 147. Amma adon ganyen yana maimaita kansa duk ido 8, da ƙarin 1 a ƙarshe, don haka na sauko 145. Wannan mai sauƙin ne. Wahalar tana hammata da kan hannu. Hannun rigunan 1940 yana da tattara a sama, kuma tsawon kansa dole ya yi daidai da ramin hammatar da kika faɗaɗa. Na farko da na yi ya tsaya ƙiƙam kamar kunnen zomo. Na biyu ya zube. A na uku ne na gane cewa sai na saƙa ɗan matashin kafaɗa na cusa a ciki, kamar yadda takardar ta faɗa a layi biyun ƙarshe da na tsallake don na ɗauka ado ne.

Sai zare. Takardun suna kiran sunan zaren da aka daina yi tun kafin a haife ni, su faɗi nauyi, ba su faɗin tsawo. Oza 7 ta kusa giram 200, sai na sayi giram 200. Ulun kasuwa da muka saba da shi na roba ne kuma ya yi kauri, ulun tumaki na gaske kuwa a Kano sai dai a sa shi makonni ƙalilan tsakanin Disamba da Janairu, saboda haka na zaɓi siririn zaren auduga. Ban yi la'akari da cewa auduga ta fi ulu nauyi ba, giram 200 nata bai kai tsawon giram 200 na ulu ba. Ina tsakiyar hannu na biyu zare ya ƙare ƙaf. Na koma Sabon Gari na samo irinsa, amma rini ya bambanta. A ɗaki ba a gani, a rana kuwa hannun hagu ya ɗan fi duhu daga gwiwar hannu zuwa sama. Laifina ne. Wani abin kuma, auduga ba ta komawa in ta miƙe, ga shi rigunan nan duk kyansu yana ga saƙar roba, wato mai miƙewa ta koma, mai inci 4 da ke kama ƙugu. Bayan sawa biyu tawa ta saki, sai da na bi ta ciki da siririn zaren roba na ɗinki, layi uku.

Inda nake da ƙorafi na gaskiya a kan abin da aka sayar min shi ne ingancin hoton. Araha ba ta ado. Takardu 6 daga cikin 40 ba sa karantuwa yadda ya kamata. Wasu an ɗauke su a karkace, layin da ke kusa da naɗin takarda ya shige duhu. A saƙa kuwa lamba ɗaya ce ke raba daidai da ɓarna. Akwai wata falmaran mai launi 5 da ba a zana mata taswira ba, an rubuta ta ne layi-layi da haruffa, wannan launi ido kaza, wancan ido kaza. A hoton, 3 da 8 kamar tagwaye suke. Na ƙara girman shafin har ya farfashe, ban rabe su ba. Sai da na ɗauko takardar lissafi mai gida-gida ta ɗana, na zana adon da fensir mai kala, inda zanen ya karye na san nan ne na karanta ba daidai ba. Dare biyu na yi a kan wannan. Wata takardar kuma shafinta na ƙarshe babu shi gaba ɗaya, wato inda aka yi bayanin wuya da haɗa riga. Na rubuta wa mai shagon, ta amsa cikin ladabi bayan kwana 9 cewa haka ita ma ta same ta. To me ya sa aka lissafa ta a cikin 40?

Salon rubutun nasu ba laifin kowa ba ne, amma a san da shi. An rubuta su ne don macen da ta tashi ta ga uwarta da kakarta suna saƙa. Harafin K saƙar gaba, P saƙar baya, sauran duk a gajarce. Za a yi bayanin ɓangaren dama na wuya dalla-dalla, in aka zo hagu sai a ce a yi irinsa a juye, a wuce. Ba zanen fasalin riga da awo, ba hoton baya. Riga a shimfiɗe ake saƙa ta, gaba daban, baya daban, hannu biyu daban, sannan a ɗinke da allura. Wadda ba ta taɓa haɗa riga ba kada ta fara da waɗannan.

To me ya sa na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Saboda rigar da ta fito. Ban taɓa saƙa abin da ya zauna a jiki haka ba. Daga ƙugu ana ƙara ido ɗaya a kowane gefe duk bayan 'yan layuka har zuwa hammata, sai rigar ta bi jiki ba tare da ta matse ba. Saƙar siririya ce, ba ta ƙara wa mutum ƙiba, kuma tana shiga ƙarƙashin mayafi ba tare da ta yi tudu ba. Na so in ƙara mata tsawo, don inci 19 kacal ce daga kafaɗa, sai Gwaggo ta ce in gwada ta a kan zani tukuna. Ta yi gaskiya. An yi su ne don siket mai hawa sama da cibiya, kuma daidai nan muke ɗaura zani. Inci 2 kawai na ƙara. Maɓallai uku da ke kafaɗar hagu ma na ɗauka kwalliya ce, ashe wuyan matsattse ne, in ba su kai ba zai shiga ba, balle mai sabon kitso. Ranar da na sa ta zuwa wani suna, mata uku suka kama gefen rigar suna juyawa, ɗaya ta rantse da keken saƙa aka yi ta.

Na biyu da na yi shimin jariri ce mai zare a wuya, kwana 10 ta ɗauka, ba lissafi ko ɗaya, don jariri na 1945 da na yau duk girmansu ɗaya. In da zan sake farawa, da ita zan fara.

Shawarata ga mai sha'awa ita ce kada ta yi gaggawar fitar da kuɗi. Gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya sa wasu takardun saƙa na shekarun 1940 a shafinsa kyauta, ki sauke ɗaya ki gwada hannunki. In kin ga za ki iya zaman, kuma lissafi ba ya ba ki tsoro, sannan ki sayi irin wannan ƙunshi, amma ki nemi a nuna miki shafi ɗaya na ciki tukuna, ba bangon kaɗai ba. Cikin 40 ɗin nan, 12 na ware da nake ganin zan saƙa, 6 sun tafi a banza, sauran kuwa kallon hotonsu kawai nake yi.

Yanzu hular sojan nan ce a kan kibiya, da ulun kasuwa ruwan toka. Ƙanena ne ya gani a wayata ya ce ita yake so kafin sanyi ya shigo, saboda sammakon da yake yi a babur zuwa Dawanau. Na kai wajen buɗin fuska, kuma can ma akwai lambar da ban tantance ko 23 ba ce ko 28, don haka gobe zan sa shi ya zauna in auna fuskarsa da tef.