Filta ND1000 a bakin Lagdo: ta yi wa ruwa, ba ta yi wa dorina ba

Duk mai son hoton da ruwa zai kwanta lumui kamar an shimfiɗa alharini, filta mai lamba ND1000 ta ci kuɗinta. Na gwada ta rani guda a madatsar Lagdo da gaɓar Binuwai a Garwa, ƙasar Kamaru. Ga ruwa ba ta da ta biyu, ga dabba kuwa kusan ba ta da amfani.

Baƙin gilashi ne da ake murɗawa a bakin lens, yana rage haske kusan sau dubu, don haka kyamara ke daɗewa a buɗe kafin ta gama ɗaukar hoto. Lissafin ba wuya: idan kyamara ta ba ka 1/125 na sakan babu filta, da filta zai koma sakan 8. 1/250 ya koma 4, 1/60 kuma wajen 17. In lissafi ya haura sakan 30, sai ka juya zuwa Bulb, saitin da kai ke buɗe kyamara ka rufe ta lokacin da ka so. A ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara) da f/11 (girman ƙofar hasken lens), sakan 8 zuwa 15 sun isa su shafe ƙananan igiyoyin da iska ke tayarwa.

A jerin aikin ne masu koyo suka fi faɗuwa. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka danna ƙafafun cikin yashi har su daina nitsewa. Daidaita hoton, ka saita idon kyamara ya kama abin da kake so, ka mayar da shi saitin hannu, sannan ka ɗaura filtar. In ka fara ɗaurawa, kyamara ba ta ganin komai, sai lens ya yi ta kai da komo. Kashe abin hana girgiza, wato VR ko IS, domin a kan ƙafa uku shi kansa yana iya motsa hoto. Sa jinkirin sakan 2 don yatsanka ya bar jikin kyamara kafin ta buɗe. A kyamara mai madubi, toshe ramin leƙawa na baya da baƙin ƙyalle. In ba haka ba rana na shiga ta nan, ta bar maka jan tabo a tsakiyar hoton, ka yi ta zargin filta alhali ba laifinta.

Ka kuma nemi abin da ba ya motsi ya riƙe hoton, dutse ko kututture. Kwalekwalen masunta ko a ɗaure yake yana rawa a kan ruwa, cikin sakan 10 sai ya fito dishi-dishi. Wani lokaci hakan na da kyau ƙwarai, musamman in dutsen da ke gefensa ya fito tangaran.

Aibinta biyu ne. Wadda na yi aiki da ita tana ɗan karkata launi zuwa shuɗi. In ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, gyaran minti ɗaya ne a kwamfuta. Na biyun ƙurar hunturu, wadda da an matse ƙofar hasken lens zuwa f/16 kowane ɗigonta da ke cikin kyamara sai ya bayyana a sararin sama. Kar a canja lens a fili lokacin hazo, kuma a hure gilashin da 'yar robar hura iska kafin a goge. Goge shi da bakin riga karce shi ne kawai.

Dorina kan ɗago kai ta hura ruwa ta nitse cikin ƙiftawar ido. Wannan aikin 1/1000 na sakan ne babu filta, da dogon lens, 300mm ko sama, daga kan tudu. Kar kowa ya kafa kyamara a hanyar da take fitowa kiwo da yamma, wannan ba abin wasa ba ne. Mai son hoton balbela ko zalɓe a sama, jiki tangaran fukafukai dishi-dishi, ya bi tsuntsun da kyamara a 1/30 zuwa 1/60. Da sassafe ba a buƙatar filta, da rana ND8, mai rage haske sau takwas kacal, ta wadatar.

Wajen saye, na fi son mai duhun da ba ya canjawa a kan wadda ake juyawa ta ƙara duhu, domin masu arha daga cikinsu suna zana baƙin gicciye a hoto in an kai su ƙarshe. Duba faɗin bakin lens ɗinka a bayan murfinsa, misali 55mm ko 58mm. Mai lens biyu ya sayi filta daidai da babban, ya haɗa da zoben da zai ɗaura ta a ƙaramin.