Qt Creator da madannin F1

Shekara uku ke nan ina haɗa 'yan manhajojin tebur da Qt, wato tarin kayan aikin gina manhaja, kuma abin da ya fi riƙe ni a Qt Creator, manhajar da ake rubuta lambar Qt a cikinta, shi ne F1. Ka ɗora linzami a kan QObject::connect, ka danna, bayanin sigina da silot (yadda wani sashe na manhaja ke aika saƙo, wani ya amsa) ya buɗe a gefe, ko babu data. Ga wanda wuta da intanet ke yi wa wasan ɓuya, wannan ba ƙaramin gata ba ne.

Makon jiya na zauna gyara tsohon littafin rubutuna, cike da adireshin intanet na zamanin Trolltech, kamfanin da ya ƙirƙiro Qt, tun kafin Nokia ta saye shi a 2008. Na mayar da su duka kan na Qt 6. A nan na lura ashe har yau ina rubuta SIGNAL() da SLOT() irin na da, inda kuskuren harafi ɗaya ba ya fitowa sai manhaja ta tashi, ka danna maɓalli shiru. Sabon salon da ya zo da Qt 5 a 2012 yana kama shi tun wajen haɗa lambar. Laifina ne, kasala.