Daga Rigasa zuwa Idu da Baba: sharhi kan ma'aikatan jirgin ƙasa

Ranar da likitan ido ya ce sai mun kai Baba Abuja an yi masa wani gwaji, gardama ta kaure a gidanmu kan ta ina za a bi. Yaya ta ce a ɗauki shatar mota, ni na ce jirgi. Baba yana kishingiɗe a kan buzunsa yana jin mu, bai tanka ba sai da muka gaji don kanmu, sannan ya ce, "Jirgi za a hau. Na san shi, ya san ni."

Da gaskiyarsa. Baba tsohon falken goro ne. A shekarun 1970 yakan ɗauko kaya daga Agege ya biyo tsohon dogo, ta Badun da Ilori, ya haye gadar Jabba, ya wuce Zungeru da Minna, ya sauka a tsohuwar tashar Kaduna da ke tsallaken kogi. Wannan layin tun zamanin Turawa yake, don a 1911 jirgi ya fara isa Kano. Mun taso muna jin labarin yadda ake kwana a kan huhun goro, da yadda ake sayen abinci ta taga in an tsaya a tasha. Amma sabon jirgin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar ranar 26 ga Yulin 2016 bai taɓa hawansa ba. Na yi ta yi masa bayani cewa wannan dogon daban ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, ya fi na da faɗi, nisansa kilomita 186 daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Ya dube ni ya ce, "Ƙarfe dai ne a kan ƙarfe. Mutanen ciki nake son gani."

To, mutanen cikin su ne dalilin wannan rubutu.

Kafin na kai gare su, ga ɗan abin da zai amfani mai niyya. Tun Janairun 2021 ake sayen tikiti ta intanet, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a ƙarshen 2022 sai da lambar katin ɗan ƙasa. Sunan da ke kan tikiti shi ake so a gani a katin shaidarka, don haka kada ka saya wa tsohonka da sunanka. Kujeru kuma ba sa jira, musamman na safe da na ƙarshen mako. Ni da na yi jinkiri, da ƙyar na samu biyu a jere. Sannan Rigasa ba nan kusa ba ce, tana can gefen gari a ƙaramar hukumar Igabi. Muna idar da sallar asuba muka baro Tudun Wada, ga hunturu yana tsakiyar kaɗawa, ɗan a-daidaita-sahun da muka samu kuwa da ya ga tsoho da jaka ya san gaggawa muke yi, ya yanka mana kuɗin da ya ga dama. Na biya ina ƙunƙuni.

Na farkon da ya burge ni wani saurayi ne a ƙofar shiga, inda ake duba tikiti da katin shaida bayan an sa kaya a na'ura. Bai wuce sa'ar ƙanena ba. Ya ga yadda Baba ke jan ƙafar hagu, ga idon ba ya gani sosai, sai ya ɓace na ɗan lokaci ya dawo yana turo keken marasa lafiya. Gabana ya faɗi, don na san hali. Ai kuwa Baba ya sha kunu ya ce, "Yaro, wa ya ce maka gurgu ne ni? Ƙafar nan ta taka Ikko kafin a haifi babanka."

Na ɗauka yaron zai ji haushi ya juya, ko kuma ya tsaya yi wa tsoho wa'azi kan lafiyarsa. Sai ya yi dariya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ai na jaka ne." Ya ɗauki jakar Baba ya ɗora a kan keken, ya miƙa masa gwiwar hannunsa, suka kama tafiya a hankali, yana tura keken da hannu ɗaya. Yana tambayarsa labarin Ikkon da. Ba mu yi rabin hanyar zuwa taragonmu ba Baba ya tsaya yana haki, ya ce, "Wannan jakar za ta faɗo. Bari na zauna na riƙe ta." Ya zauna, aka ɗora masa jakar a cinya, yaron ya ci gaba da turawa fuskarsa ko alamar murmushi babu, kamar dama haka aka shirya. A bakin tarago ya riƙe shi ya hau, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba," ya juya da sauri don wani aikin na jiransa. Na laluba aljihu, kafin na fito da hannu ya yi nisa.

Ni ɗansa ne, shekara arba'in da wani abu ina tare da shi, amma da ni ne da sai mun yi cacar baki a gaban jama'a.

Cikin taragon tsaf yake, kujeru da lambobinsu, ga wurin ɗora kaya a sama, ga sanyin na'ura. Da muka isa lambarmu sai muka tarar da wani bawan Allah ya hakimce a kujerar taga, wadda na zaɓa musamman don Baba. Babbar riga ta sha aiki, hula zanna, waya biyu a hannu. Na yi masa sallama na nuna masa tikiti. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce mu nemi wani wuri, ai kujera kujera ce. Jini ya fara hau mini. Ana cikin haka mai duba tikiti ya iso, wani dogo baƙi mai furfura kaɗan a gemu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya karɓi nawa ya duba, ya nemi na mutumin ya duba, ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, taka tana tarago na gaba. Wannan tana da mai ita."

Mutumin ya ce, "Kai, ka san ko da wa kake magana?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aikina tikiti na sani. Kawo jakar na riƙe maka."

Ya kuwa sa hannu ya sauko da jakar daga sama ya tsaya yana jira. Babu tsawa, babu kiran 'yan sandan da ke cikin jirgin, ko da yake suna nan kusa. Taragon ya yi tsit, kowa ya zuba ido. Da mutumin ya ga jakarsa ta kama hanya, dole ya tattara rigarsa ya bi ta. Baba ya zauna, ya gyara hularsa, ya ce mini a kunne, "Wannan ya iya aiki. Irinsu ne a reluwen da." A bakin Baba babu yabon da ya wuce wannan.

Wadda ta fi tsaya mini a rai kuwa mai shara ce. Mace ce mai matsakaicin shekaru, daga jin Hausarta mutuniyar kudancin Kaduna ce, da ɗan kuros a wuyanta. Tun da muka tashi take kai da kawo da tsintsiya da ledar shara, kuma na lura duk bayan mutum biyu ko uku sai ta leƙa banɗaki. Na shiga sau biyu, na raka Baba sau ɗaya, ban tarar da abin kawar da kai ba. Duk wanda ya san yadda muke yi wa banɗakin jama'a ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Muna wuce Kakau Baba ya ɓare goronsa ya jefa a baki. Can da ya tauna ya ƙoshi sai na ga yana laluben taga yana neman inda ake buɗewa. A jirginsu na da, taga ake leƙawa a tofar. Wannan kuwa gilashi ne a rufe ruf. Ya juyo ya dube ni, kumatu cike, ni kuma ba ni da ko ƙyalle. Kunya ta rufe ni. Ashe matar nan tana lura. Ba ta ce uffan ba, ta wuce, ta dawo da robar ruwa da aka yanke wa kai, ta cusa takarda mai laushi a ciki, ta durƙusa ta ajiye a gefen ƙafarsa ta ɓangaren bango inda ba mai gani. Ta ce, "Baba, ga wannan. In ya cika zan canza." Ta tashi ta ci gaba da shararta. Wanda ke kujerar bayanmu ma bai san abin da aka yi ba.

Da muka bar Rijana hirar taragon ta mutu. Ba sai an gaya wa kowa ba. A wannan yankin, wajen Katari, 'yan bindiga suka tayar da bam a kan dogo suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta a daren 28 ga Maris 2022, suka kashe mutane, suka shiga daji da fiye da 60. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu, jirgi kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. A Kaduna da wuya ka samu wanda bai san wani da abin ya shafa ba, ko na kusa ko na nesa. Na duba taga, daji ne kawai da busasshiyar ciyawa da hazo. Wata Hajiya a ɗaya ɓangaren ta fito da carbi, hannunta na rawa. Sai ga mai duba tikitin nan ya dawo, alhali ya gama duba namu tun tuni. Ya tsaya a tsakiyar taragon ya dafa kujera, yana tambayar wannan ina zai sauka, yana tsokanar wani yaro da ke cin biskit. Hajiyar ta ce masa, "Malam, ku ba kwa jin tsoro?" Ya ce, "Hajiya, mu nan ne ofishinmu, kullum sai mun wuce. Ki ci gaba da addu'a, ki sa da mu." Bai bar wurin ba sai da muka doshi Jere mutane suka fara magana. Ban sani ba ko koya musu haka aka yi ko halinsa ne, na dai ga abin ya yi amfani.

Abin da ya ɓata mini rai a tafiyar yawanci daga wajenmu fasinjoji yake. Akwai mai kallon bidiyo da ƙarar waya kamar a ɗakinsa. Akwai wanda ya yi awa guda yana rigimar kuɗin fili a waya, har na san girman filin da sunan unguwar. Akwai masu cin gyaɗa su watsa ɓawon a ƙasa, suna kallon matar nan tana sunkuyawa. Sanyin na'ura kuma, ga mai tafiya da tsoho ko jariri a lokacin hunturu, ya taho da bargo ko rigar sanyi. Ni ban yi wannan tunanin ba, sai rawanin Baba muka warware muka lulluɓa masa a ƙafa.

A Kubwa rabin taragon ya sauka. Mu muka wuce Idu. Mun sauka, mun fita, har na fara ciniki da masu tasi (su ma wuƙarsu a wase take), sai na ji ana "Baba! Baba mai goro!" Na waiwaya, ga matar nan tana gudu da ambulan ruwan ƙasa a hannu. Takardun asibiti ne gaba ɗaya, da wasiƙar likita da sakamakon gwajin baya. Ni na zura su a aljihun kujera da hannuna na manta. Da sun salwanta da tafiyar ta tashi a banza. Na ciro kuɗi na miƙa mata, ta noƙe kafaɗa ta ce a'a, aikinta ne. Na matsa, ta ƙi. Baba ya ce, "Kai, ba haka ake yi ba." Ya sa hannu a aljihun 'yar-cikinsa ya zaro farin goro babba guda biyu, ya ce, "Ungo, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a." Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Amin, Baba, na gode." Ta koma da gudu, don akwai taragon da za ta gyara kafin jirgin ya juya.

Ba zan rantse cewa duk ma'aikatan jirgin haka suke ba, tafiya ɗaya na yi da dawowa, kuma abin da idona ya gani na faɗa. Kwana biyu muka yi a Abuja. A dawowa wasu ma'aikatan muka tarar, sun yi aikinsu ba yabo ba fallasa, Baba kuma da maganin da aka ɗiga masa a ido barci ya yi ta yi har Rigasa. Muna fitowa sai ga saurayin nan na ƙofa. Cikin ɗaruruwan mutanen da yake gani kullum ya gane mu, ya taho ya ce, "Baba, sannu da hanya. Ya idon? A kawo keken jaka?" Baba ya ce, "Kawo. Jakar ta ƙara nauyi."

Sai da muka isa gida na tuna ban tambayi ko ɗayansu suna ba. Likita ya ce mu koma bayan mako shida. Jiya Baba ya aiki jikansa ya kira ni, ya ce in na shiga kasuwa na samo masa farin goro mai kyau, kada na kawo masa mai tsutsa, kuma a ƙulla shi kashi uku.