Domen na ainihi da domen na matakai: ina suka raba hanya?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: in zobe mai matakai (tsarin da ake tarawa da ninkawa a cikinsa, wanda aka kasa shi mataki-mataki) ya kasance ninkin mambobinsa tsantsa ba ya taɓa ba da sifili, ya zama intigiral domen ke nan? Wani lokaci i, wani lokaci a'a. Abin ya rataya ne a kan rukunin da aka ɗauko matakan daga cikinsa.

Intigiral domen, wato domen na ainihi, ba ya ware kowa: kowane mambobi biyu ka ɗauko, muddin ba sifili ba ne, ninkinsu ma ba sifili ba ne. Domen na matakai kuwa ya sassauta. Mambobi tsantsa kaɗai yake bincika, wato waɗanda suke zaune kacokan a mataki guda, kamar 3x² a zoben folinomiyal. Gauraye irin su 1 + x babu ruwansa da su. Duk domen na ainihi ya cika sharaɗi na biyu, wannan a fili yake. Komowar ce ke da magana.

In matakan daga Z suke, wato cikakkun lambobi, sharuɗɗan biyu sun haɗe. Ɗauki mambobi a da b waɗanda ba sifili ba, ka ciro ɓangaren kowanne da ya fi tsayin mataki, a ce m da n. Ninkin ɓangarorin nan tsantsa ne, ba sifili ba, yana zaune a m + n, kuma babu wani ninki da zai hau can ya soke shi. Shi ke nan. Jerin matakai daga ƙasa zuwa sama kawai hujjar take nema, shi ya sa take aiki a Z² ma, da duk rukunin Abel (wanda m + n da n + m ɗaya ne a cikinsa) da ba a samun mamba, banda sifili, wanda in an yi ta tara shi da kansa zai koma sifili.

To amma koma Z/2, inda matakai biyu ne rak, 0 da 1, kuma 1 + 1 = 0. Ɗauki Q[x]/(x² − 1), wato zoben folinomiyal inda aka ɗauki x² = 1, ka sa lambobi a mataki 0, ka sa x a mataki 1. Mambobi tsantsa su ne a da bx, kuma (bx)(cx) = bc, babu sifili. Ya ci jarrabawar matakai lafiya lau. Sai dai (1 + x)(1 − x) = 1 − x² = 0. Ka ga yadda aka yi? Ninkin x da x, maimakon ya hau sama, sai ya zagayo ya sauka a mataki 0, ya tarar da 1 a can, suka kashe juna.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ka aje wannan kusa da C = R + Ri, wato lambobin kwamples, inda R yake nufin lambobi na zahiri. Matakan iri ɗaya ne, Z/2, amma a nan i² = −1, don haka (1 + i)(1 − i) = 2, kuma C domen ne cikakke. Sai ka sauya alamar ta koma x² = 1 a kan R ɗin, masu raba sifili (mambobin da ba sifili ba amma ninkinsu sifili ne) su bayyana, alhali in mambobi tsantsa kaɗai kake dubawa, duka zoben biyu za su ci jarrabawar.