Ƙunshin murjani shida na masu farawa: yadda ya kasance a tankina mai lita 60

Masu sayar da kayan tankin ruwan gishiri suna da wani tsari da suke yi wa sabon shiga. Sukan haɗa gutsattsarin murjani mai rai (halittar teku mai girma a manne da dutse) biyar ko shida a kwali ɗaya, su ce waɗannan ba su da saurin mutuwa. Irinsa na saya ta intanet don tankina mai lita 60, kuma yanzu sun daɗe a ruwa har na san halin kowannensu. Mai shagon bai yi ƙarya ba, ko ɗaya bai mutu ba. Sai dai a ƙaramin tanki akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wane ne zai tsaya inda aka ajiye shi, wane ne kuma zai haye kan maƙwabcinsa? A nan nake da ja da zaɓin da aka yi mini.

Bari in fara da yabo, don sun cancanta. Kowane gutsure ya zo a ledarsa da ruwansa, a manne kan ɗan gindin tangaran, cikin kwalin soso mai riƙe ɗumi, an kuma rubuta sunan kowanne a jikin ledar. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne naman murjanin ya riga ya rufe gam ɗin da aka manna shi da shi, har ya fara sauka kan tangaran. Wannan alama ce ta cewa a tanki aka rene shi, an kuma bar yankan ya warke kafin a sayar. Murjanin da ya girma a tanki ya saba da fitila da ruwan da aka haɗa da hannu, kuma ba a fasa dutsen teku don a samo shi ba. Ga kuma batun doka: duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardar izini. Hotunan shagon kuwa a ƙarƙashin shuɗiyar fitila aka ɗauke su, don haka launin da za ka gani da farar fitila bai kai na hoton ƙyalli ba.

Kafin ka yi odar komai, tankinka ya gama nuna. Ana nufin ƙwayoyin bakteriya sun kafu a duwatsu suna mayar da amoniya zuwa naitiret, abin da yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ni ina riƙe gishirin a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi a digiri 25, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana tsami) tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam kuma 400 zuwa 450. Babbar fitinar lita 60 ita ce ƙafewar ruwa. Ruwa ne kawai yake tashi, gishiri yana nan, don haka kullum sai na cika da tataccen ruwa marar gishiri zuwa layin da na ja a jikin gilashi, sannan in canja kashi 10 cikin 100 duk mako. Murjanin nan duka suna ɗauke da ƙananan gansakuka a cikin namansu, su ne suke sarrafa haske su ba su abinci. Shi ya sa fitila take da muhimmanci, shi ya sa kuma ruwan da aka tsabtace har naitiret da fosfet suka koma sifiri yake sa su koɗe.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Duncanopsammia axifuga, wanda ake kira Duncan, ɗan asalin tekun Ostareliya da kewaye. Shi kaɗai ne mai ƙashi a cikin ƙunshin. Da kai ɗaya ya zo, kore a tsakiya, gajerun yatsu masu kauri sun kewaye shi. Idan na kashe famfo na sauke masa ɗan gutsuren jatan lande da bututu, yatsun da abincin ya taɓa su ne suke fara lanƙwasowa, sauran su biyo baya a hankali, bakin tsakiya ya kumbura ya buɗe, kan ya rufe ruf. Bayan ɗan lokaci ya sake buɗewa ba komai a kai. Sababbin kawuna suna tsirowa ne daga gefen tsohon, 'yan mitsi-mitsi da farko, kuma duk girman nasa a wuri ɗaya yake taruwa. Ba ya miƙa dogon yatsa da dare ya harbi na kusa da shi, yadda wasu murjanai irin su Euphyllia da Galaxea suke yi. Yana kuma koya wa mai farawa karanta tanki, domin duk ranar da ya ƙi buɗewa sosai, idan na auna ruwa sai in tarar wani abu ya goce, galibi gishiri ko alkaliniti. Da Duncan kaɗai aka aiko mini, da ban yi ƙorafi ba.

Discosoma ba shi da dogon labari. Ja ne mai faɗi, ba ya son haske mai ƙarfi ko ruwa mai gudu, sai na ajiye shi ƙasa a inuwar dutse. Yana ɗan matsawa ya bar guntun ƙafarsa a baya, guntun ya zama sabo. A ba shi dutsensa shi kaɗai, shi ke nan.

Zoanthus ya yi kyau ƙwarai, tsakiyarsa ruwan lemo, gefensa kore, kuma kawunansa suna ƙaruwa ba tare da gaggawa ba. Amma a kansa ne raina ya ɓaci da shagon. Dangin nan, musamman Palythoa da ke kama da shi, wasunsu suna ɗauke da dafin palitoksin, wanda yake cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani a halittun teku. A shekarar 1971 masana suka fara ware shi daga wani Palythoa na Hawai. A 2015 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto kan mutanen da suka kamu da rashin lafiya a Alaska tsakanin 2012 da 2014, a gidaje da shagunan tanki, bayan mu'amala da irin wannan murjani. Da ido ba za ka bambance mai dafi da marar dafi ba. Kariyar kuwa ba ta da wahala: safar hannu, tabarau, kada ka taɓa shi da ciwo a hannu, ka wanke hannu da sabulu bayan aiki. Uwa uba kada ka taɓa zuba wa dutsen da yake kai tafasasshen ruwa ko ka goge shi da buroshi a waje, domin dafin yana bin tururi da feshin ruwa ya shiga huhun duk wanda ke ɗakin. Kwalin da aka rubuta wa “na masu farawa” ya kamata ya zo da wannan gargaɗi a takarda. Nawa bai zo da ko layi ɗaya ba, alhali mai saye yana iya zama mai yara ƙanana a gida. Wannan sakaci ne.

Sarcophyton yana da wata ɗabi'a da takan tsorata wanda bai san shi ba. Haka kawai sai ya janye yatsunsa duka, saman ya yi santsi yana sheƙi, ya yi kwanaki a haka. Lafiyarsa ƙalau, wata siririyar fata yake saɓewa don ya kawar da dattin da ya taru a kansa, kuma idan ruwa yana kaɗa shi da kyau sai fatar ta tashi ya buɗe fiye da da. Matsalarsa girma ne. Yana iya faɗi har ya yi wa rabin ƙaramin tanki inuwa, yana kuma sakin sinadaran da ke takura masu ƙashi, don haka nake ajiye jakar gawayin tace ruwa a bayan tankin ina canja ta a kai a kai. Yana jure yanka, idan ya yi yawa ana iya rage shi da reza.

Saura biyun da nake ganin bai dace a sa wa mai lita 60 ba tare da bayani ba. Na farko shi ne koren tauraro, wato Briareum. Kyau kam yana da shi, shimfiɗa ce shunayya da siraran yatsu kore shar suna rausaya a ruwa. Amma yaɗuwarsa irin ta ciyawar ƙiri-ƙiri ce, duk abin da ya taɓa sai ya bi: dutse, gilashi, jikin famfo, har gindin wani murjanin. Ni a kan wani dutse na daban na ɗora shi, yashi ya kewaye shi ta ko'ina, duk da haka sai na riƙa ɓare gefensa. Idan ya shiga ramukan babban dutse, sai dai a cire dutsen gaba ɗaya.

Na biyu Xenia, mai buɗe yatsu yana rufewa da kansa ba tsayawa. Duk baƙon da ya tsaya gaban tankin a kansa idonsa yake fara sauka, kuma na fahimci dalilin da ya sa ake sayar da shi. Amma yana tafiya. Yakan jingina da dutsen kusa ya manne, ya rabu biyu, kowane ɗan guntun da ya saura idan ka cire shi sai ya sake tsirowa. Wani ɗan'uwansa na kusa, Unomia stolonifera, ya mamaye murjanin asali a gaɓar tekun Benezuwela bayan ya shiga ruwan da ba nasa ba. Don haka abin da ka yanke daga tanki, kada ya je teku ko wata hanyar ruwa. Xenia kuma yakan narke gaba ɗaya cikin ɗan lokaci idan ruwa ya canja masa, kuma a lita 60 wannan ruɓewar tana iya taɓa kowa.

Kafin in sa su a tanki na tsoma kowanne a ruwan maganin ƙwari na murjani cikin kwano na daban, na ɗauraye da ruwan tanki. Daga jikin Zoanthus wata 'yar halitta mai laushi ta faɗo, launinta iri ɗaya da nasa, irin wadda take cinye kawunan. Maganin ba ya kashe ƙwai, don haka sai da na riƙa duba gindin da tocila bayan nan. Ruwan ledar shago kuma ba ya shiga tankina.

Da ni zan haɗa ƙunshin, zan bar Duncan da Discosoma da Zoanthus da Sarcophyton, in maye gurbin sauran biyun da Ricordea florida na tekun Karibiyan da kuma Caulastrea, don dukansu a hankali suke girma. Idan kuma aka yi maka tayin Acropora ko Goniopora a watanninka na farko, ka ce a dakata, don suna da wahalar reno. Dendronephthya da Tubastraea ba su da gansakukan nan a jikinsu, haske ba ya ciyar da su, sai an ba su abinci da hannu kusan kullum, kuma na farkon ko ƙwararru yana gagararsu.

Na rubuta wa shagon kan maganar gargaɗin dafi, na kuma tambaye su ko ana iya canja abin da ke cikin ƙunshin. Sun amsa da wuri cikin mutunci, suka ce duk wanda ya faɗa kafin a ɗaure kwali za a canja masa gutsure da wani makamancinsa. Wannan ba a rubuce yake a shafin saye ba, sai ka tambaya da kanka. Maganar gargaɗin kuwa sun ce za su duba, kuma zan ci gaba da tuna musu har sai sun sa takardar a kwali.