Kayan kulocin DT 125 a Tawa: Alhajin ya san aiki, shagonsa kuwa sai haƙuri

Duk mai tsohon Yamaha DT 125 a Tawa ya san taya da buji da sarƙa ba su da wuyar samu. Wahala tana farawa ne ranar da kuloci ya soma zamewa. Shagunan piyes sun cika da kayan baburan Sin da Indiya, su Kasea da Haojue da Boxer, waɗanda ƴan kabu-kabu ke ci da su. Da yawa daga cikin na Sin ɗin injinsu kwaikwayon Honda CG 125 ne, shi ya sa diski iri ɗaya ke shiga wannan ya shiga wancan. Na DT daban yake, kuma yaran shago na yanzu wasu ko ganinsa ba su taɓa yi ba.

Moton nawa irin na porje ne, waɗanda malaman gona ke yawo da su a da. Magungunan dabbobi nake kaiwa ƙauyukan Keita da Tamaske, hanya ce ta duwatsu da rairayi, a rairayi kuwa dole ka riƙe kuloci rabi-rabi, diski su yi ta gugar juna suna ɗaukar zafi. In na buɗe wuta a bitesi na sama sai injin ya yi ta kururuwa, moton bai ƙara gudu ba. Makanike ya sassauta kabul, bai hana ba. Ya ce diski sun ƙare, in je in nemo.

Wani shago aka miƙo mini na CG, wai a ɗan goge kunnuwansa zai zauna. Wani aka ce in aika kasuwar Katako a Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 saboda abin da bai cika tafin hannu ba. Daga ƙarshe wani mai faci ne ya kwatanta mini shagon wani dattijo a bayan kasuwa, ɗan ƙuƙut, rabinsa tsofaffin injuna ne jibge.

Wallahi abin da mutumin nan ya yi mini ban taɓa ganin mai sayar da piyes ya yi ba. Na nuna masa tsohon diski, na ce: "Alhaji, irin wannan nake nema." Ya juya shi, ya sansana, ya ce: "Ɗana, akwai, amma ba zan ba ka ba sai na ga sauran. Koma garaji ka kwaso mini kulocin duka." Raina ya ɗan sosu, na zaci ja mini rai yake don ya tsawwala kuɗi. Da na kawo, sai ya ɗauko wani guntun gilashi ya share shi da bakin riga, ya dinga ɗora diskin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya yana danna gefe da yatsa. Wasu suka kwanta lumus, wasu suna rawa, sun lanƙwashe, launinsu ya koma shuɗi-shuɗi don ƙuna. Ya nuna mini yatsun kwandon kulocin, inda kunnuwan diski suka ci su suka yi tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Ya ce nan ne diski ke maƙalewa, shi ya sa da safe in na sa bitesi na ɗaya moton ke zabura ko da na matse hannu. Ni ban faɗa masa yana zabura ba, shi ya gano.

Sai ya tambayi man da ke ciki. Man mota ne na kwalba da garaji ke zuba wa kowa. Ya girgiza kai. Ya ce kulocin moto a cikin mai yake kwance, wasu mayukan mota na zamani kuwa an sa musu abin ƙara santsi, to diskin da aikinsa kamu ne ina zai kama? Ya ɗauko galan ya nuna mini inda aka rubuta JASO MA, ya ce wannan alama zan riƙa dubawa, kuma kada in bari a haɗa shi da ɗaya man, wanda injin ke ƙonawa tare da fetur, kowane da mazubinsa. Kwandon da nake fargabar kuɗinsa ya ce kada in saya, tsagar ba ta yi zurfi ba, a bi ta da magogi a hankali. Sannan ya hau benci ya sauko da diskin kamun daga can saman kanta, ledarsu ta yi ƙura, ya gwada da tsohon, kunne da kunne suka yi daidai. Ya ce a jiƙa su cikin mai su kwana kafin a ɗaura. Farashin ma bai wuce hankali ba. A ranar har cewa na yi duk mai DT ko Yamaha AG 100 a Adar nan ya kamata ya zo.

To amma diskin ƙarfe da resor masu matse diskin, waɗanda ya nuna mini yadda ake jera su a duba tsawonsu, babu su a shagon. Ya ce za a kawo daga Sakkwato ta Illela da Ƙonni, in ba da jika goma kafin alƙalami, Lahadi mai zuwa ranar kasuwa zan same su. Na bayar, ba takarda, ba komai, don na ga girmansa.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Kullum in na je Alhaji ba ya nan, ɗansa ne zaune yana latsa waya, ko ɗago kai ba ya yi. Yau direba bai zo ba, gobe duwan sun riƙe kaya, jibi wai matsalar iyaka. Wace iyaka? Rufewar da aka yi bayan juyin mulkin Yuli 2023 mun sha ta, kowa ya ji a jikinsa, amma tun Maris 2024 aka buɗe, kaya na shigowa Ƙonni. Moto na kwance a garaji ciki a buɗe an rufe da buhu, ni ina biyan kabu-kabu zuwa ƙauye, wasu makiyayan da na saba da su suka koma saye wajen wani a kasuwar Badagishiri. Wannan asara ba wanda zai biya ni.

Da kayan suka iso aka ce in ƙara jika uku, canjin naira ya motsa. Na biya don na gaji. Diskin ƙarfen lafiyayyu ne, makanike ya gwada su a gilashi yadda Alhaji ya yi, ba laifi. Resor ɗin ne abin haushi. Da aka jera su a kan tebur sai ga guda ya fi sauran gajarta, jikinsa da tabon tsohon mai, a fili yake an taɓa aiki da shi. Resor ɗaya in ya gaji, matsin ba ya zuwa daidai, sabon diskin da na sha wuya a kansa shi zai ƙone. Na mayar. Yaron ya ce: "Malam, kayan da ya fita ba ya dawowa." Na ce a kira mini Alhaji, aka ce ya tafi gona. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da ya koya mini jera resor in duba tsawonsu, a shagonsa aka ba ni gajere.

Makanike ne ya tono wani daga mataccen injin DT da ke garajinsa, tsawonsa ya zo daidai da sauran, da shi muka rufe. Yanzu moton na ja sosai, hawan duwatsun hanyar Keita ba ya kuka, zaburar safiyar nan ma ta tafi. Diskin Alhaji na gaske ne, wannan ba zan hana masa ba.

In abin da kake nema yana kan kantarsa kuma shi da kansa ke zaune, je ka da tsohon kayanka a hannu, za ka ƙaru. In aka ce sai an aiko daga Najeriya, kada ka ba da ko dala. Kabul ɗina ya fara tsinkewa daga wajen hannu, shi kam wani ɗan'uwana direba a Ƙonni zan ba tsohon ya nemo mini. Kuɗin resor ɗin nan kuwa har yau ba a mayar mini ba, kuma ban bar shi ba.