Saƙo daga Mancesta kan yaran da abinci ke tayar wa borin jini

Assalamu alaikum Yaya, da sauran 'yan uwa na Kaduna. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya?

Kin tambaye ni batun autanki da leɓensa ke kumbura in ya ci ƙwai, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Na ga gara in amsa a fili, don ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba. Mu a gida borin jini muke cewa, a aiki yaro kemis ya sayo Piriton, a wuce wurin. A nan Ingila kuwa alaji ake ce masa, magana ce ta rai da mutuwa, kuma tun da na kama aiki a kicin ɗin wata firamare, da ita nake kwana nake tashi.

Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar wani abinci mai kyau a matsayin maƙiyi, ta saki sinadarin histamin, sai ƙaiƙayi da kumburi da amai su biyo baya, yawanci cikin 'yan mintoci. Ya fi kama yaran da suka yi ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi tun suna jarirai, ko waɗanda ake da asma a danginsu. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa kawai, sau da yawa nasa daban ne, cikinsa ne ba ya narkar da sukarin madara.

A bangon kicin ɗinmu akwai hoton kowane yaro mai alaji, an rubuta abin da ba ya ci a ƙasan hoton. Wuƙarsu daban, katakon yankansu daban, launin shunayya, kuma sai na wanke hannu na sauya safar hannu kafin in taɓa farantinsu. Doka ta lissafa abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya bayyana, ciki har da gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, alkama, waken soya da jatan lande. Ko biskit kika ɗauka a shago, za ki ga an rubuta su da manyan baƙaƙe masu kauri. An ƙara tsaurara dokar a Oktoban 2021, bayan wata yarinya mai shekara 15, Natasha, ta rasu a 2016 sakamakon burodin da ta saya a filin jirgi, wanda akwai riɗi a cikinsa amma ba a rubuta ba. Iyayenta ne suka tsaya kai da fata har aka yi dokar, kuma da sunanta ake kiran ta.

Duk sanda na karanta jerin nan sai gida ya faɗo min. Yajin tsire ƙuli ne, kilishi da tunkuza ake yi, miyar taushe sai da gyaɗa, ga daƙuwa, ga kantun riɗi, ga awara da yara ke saya a ƙofar makaranta. Babu takarda a jikin ko ɗaya. Amma muna da abin da su ba su da shi: wanda ya dafa shi ne a gabanki. Mai tsiren bakin titi a Unguwar Sarki ko mai abinci a Kasuwar Barci, in kin ce "Malam, don Allah da gyaɗa a ciki? Yarona ba ya ci," zai faɗa miki gaskiya. Tambayar ce ba mu saba yi ba.

Gwaji a nan kyauta ne, sai dai jira. Likitan unguwa ne zai tura ki asibitin alaji, kuma kina iya shafe watanni kafin layi ya zo. Ana ɗiga ruwan abincin a hannun yaro, a ɗan tsikari fatar, a jira minti 15, in wurin ya tasa kamar cizon sauro to akwai alama. Akwai na jini ma. Amma likitocin da kansu sun fi dogara da labarin uwa: me ya ci, bayan minti nawa abin ya fara, me aka gani. Wannan kuwa kina da shi a hannu, Yaya. Ki riƙa rubutawa, ki ɗauki hoton kumburin da waya, ki kai wa likitan yara a Barau Dikko ko Shika. Kada ki sake gwada masa ƙwai a gida, kuma kada tsoro ya sa ki hana shi komai da komai har ya rame. Yara da yawa alajin ƙwai da madara kan sake su in sun girma, na gyaɗa ne mai naci.

Inda suka yi mana nisa shi ne allurar adirenalin. Yaron da nasa ke tsanani ana ba shi guda biyu masu siffar biro, irin su EpiPen, kyauta tunda bai kai shekara 16 ba, kuma an koya mana duka yadda ake danna ta a gefen cinya ko ta kan wando ne. Na sa an zagaya min kemis-kemis a Kaduna ba a samo ba. Amma adirenalin na kwalba tsohon magani ne mai araha, don haka tun yau ki je asibitin da ya fi kusa da ku ki tambaya ko suna ajiye shi. In murya ta dishe, harshe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa ko yaro ya yi laƙwas, Piriton ba zai tsayar da shi ba. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi tafiya da ƙafarsa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, a nufi asibiti a ce ana zargin alaji mai tsanani ne.

Akwai kuma inda su suka dawo kan namu. A da ana ce wa iyaye a nan su nesanta ƙananan yara da gyaɗa. Sai wani bincike da likitocin Landan suka fitar a 2015 ya nuna cewa jariran da aka fara ba su ita da wuri, haɗarin alajin ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗar da Hajiya ke dama wa jikokinta da sun kai wata shida, a ci gaba da shi. Ƙwayar gyaɗa ce ba a ba yaro sai ya kai shekara 5, saboda shaƙewa. Jaririn da ke da ciwon fata mai tsanani ko alajin ƙwai kuma, a fara nuna shi ga likita kafin a ɗanɗana masa.